Me ya sa biyar take zama a tsakiya?

Makon jiya na kusa jawo wa kaina magana a wurin aiki, kuma tun ranar abin yake cina a rai, don haka bari in amayar da shi a nan. Rubutun da tsawo, mai sauri ya yi gaba abinsa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin birnin Katsina. Ranar Laraba, bayan an dawo tara, na ga idanun 'yan aji huɗu sun fara lumshewa, sai na zana musu gida tara a allo, uku a kwance uku a tsaye. Na ce su zuba 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da 15. Ban ajiye alli ba wani yaro daga baya ya ɗaga hannu: "Malam, wannan ai hatimi ne. Babanmu ya ce shirka ne." Aji ya ɗauki dariya. Wata yarinya kuwa ba ta yi dariya ba, littafinta ta rufe ta ɗora hannu a kai. Washegari shugaban makaranta ya kira ni ofis, cikin mutunci dai, ya ce, "Malam, me kake koya wa yaran nan ne?"

Yaron bai yi ƙarya ba. Hatimi ne. Ni ma ba a littafin boko na fara ganinsa ba, a zauren kakana na gan shi, Allah shi jiƙan shi. Malamin zaure ne na sosai, mai buzu da kurtun tawada da alƙalamin kara, kuma ba zan ɓoye ba, yana ba da rubutun sha, mata na aiko yara da allo a wanke musu. Ina ɗan shekara tara ko goma ya zana min musallasi, wato hatimin uku-uku, a ƙasa da yatsa, 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ya nuna min kusurwoyi huɗun nan duk cika ne, 2 da 4 da 6 da 8, kuma in ka mayar da su haruffa bisa hisabi, ba da dal da wau da ha, sai su ba ka Buduhu da kake ji ana faɗi. Sai ya shafe biyar ɗin da tafin hannu ya ce, "To ɗan boko, sa wata lamba nan in gani." Na yini ina gwadawa. Da la'asar na ce, "Malam, ta ƙi." Ya ce, "Za ta ƙi har tashin ƙiyama." Bai gaya min dalili ba, ko don bai ga na isa ba, ko don shi ma a haka ya karɓa daga nasa malamin.

Dalilin sai a jami'a na gano shi, kuma bai fi layi huɗu ba. In ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45, ka raba wa layi uku, kowane ya tashi da 15. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da na kusurwa biyu. Jimlarsu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, sai na tsakiya da suka taɓa sau huɗu, wato ya yi rarar sau uku. Cire 45 daga 60, saura 15, ka raba uku. Biyar ke nan, babu makawa, ko a Katsina aka zana ko a ƙasar Sin, inda su ma suke da wannan musallasi tun kafin zuwan Musulunci. Ranar da na gane wannan, a ɗakin kwanan ɗalibai, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, na tsinci kaina ina tasbihi. Tsohon nan ya faɗi gaskiyar da ba ta da ranar ƙarewa, a kan turɓaya, da yatsa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cikin yara fiye da sittin a ajin nan, babu ɗaya da ya taɓa jin sunan Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Bakatsine ne, sunan garinmu ne manne da nasa. Ya yi karatu a ƙasashen nan namu, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma a wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan ilimin haruffa da hatimai, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin su uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya kawo labarinsa a cikin tarihinsa. Malaman Masar suna ɗaukar ilimi a wurin mutumin Katsina. Yau masu rubuta tarihin lissafi a Afirka ba sa tsallake sunansa. Mu kuwa da muke wucewa ta gindin Gobarau safe da yamma, muna kai gawa maƙabartar Ɗan Marina, muna kirarin ɗakin kara, a rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Amma a nan zan ɓata wa abokaina 'yan boko rai. In sun ji labarin nan sai su yi wuf su ce, ka gani, ashe muna da masanin kimiyya tun kafin Turawa. Su yi masa wanka, su cire masa rawani, su sa masa farar rigar ɗakin gwaje-gwaje. Wannan rashin adalci ne ga mamaci. Mutumin nan ya yi imani haruffa da lambobi suna da asirai, don haka ma ya rubuta littafin, kuma yana da wani a kan taurari da ilimin sirri. A wurinsa lissafin da asirin a ƙwarya ɗaya suke. Mu ne yau muke da larurar rarrabewa, kuma ya kamata mu rarrabe, amma mu faɗi gaskiya cewa mu muka yi, kada mu laƙa masa.

Hukuncin rataya hatimi ko shan rubutunsa kuwa ba fagena ba ne, na malamai ne, kuma gardamar ta girmi Izala da ɗariƙa nesa ba kusa ba. Ibn Khaldun ma ya yi dogon bayani a kan ilimin haruffa a Muƙaddimarsa, kuma bai sake jiki da shi ba. Uban yaron nan da ya ce shirka ne yana tsare wa ɗansa tauhidi ne, ban ga laifinsa ba, ni ma ba na rataya laya. Inda muka rabu shi ne a zubar da abin gaba ɗaya. Wanda ya ce gida tara zai kawo masa kasuwa ko ya karkato masa zuciyar budurwa ya yi da'awa ɗaya. Wanda ya ce biyar dole ta zauna tsakiya ya yi wata daban, kuma ta biyun ko limamin Juma'a ya zauna da biro zai tabbatar da ita cikin minti biyar.

Wasu sun ɗauki ta biyun sun yi nisa da ita. Wani Bafaranshe, Frénicle, ya ƙirga cewa hatimi mai gida huɗu-huɗu kala 880 ne, aka buga aikin a 1693. Na biyar-biyar sai da kwamfuta ta zo, a 1973 aka gano sun kai 275,305,224. Akwai kuma ɗan uwan hatimi, wanda ake jera alamomi yadda babu wadda za ta maimaitu a layi ɗaya. Shi masanin lissafi Euler ya yi nazari a ƙarni na 18, shi kuma masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya ɗauka a shekarun 1920 a Ingila yana tsara gonakin gwaji, don a gane ko taki ne ya sa amfanin gona ya yi kyau ko kuwa wannan ɓangaren gonar ne dama ya fi ƙarfi. Har yau ana koya wa ɗaliban aikin gona wannan tsari. Sudoku da yaranmu ke bugawa a waya ma daga wannan gidan ya fito, kuma ban taɓa jin wanda ya hana ɗansa ba.

Kakana kuma yana ƙirga taurarin shekara, ishirin da takwas, kowane kwana 13, ɗaya a ƙara masa kwana guda, su tashi 365. Manoman ƙauyukan da ke kewaye suna zuwa tambayarsa ko tauraron shuka ya kama, ko ruwan nan na yaudara ne. Wannan ilimi ne da aka tara da ido shekara da shekaru, kuma ana iya auna shi. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Alƙalam, ga ta Dutsinma. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki lissafin taurarin nan ya jera shi da bayanan ruwan sama na shekara talatin, mu ga inda ya dace da inda damina ta sauya hali ta bar shi a baya? In ya ci, mun ƙaru. In ya faɗi, mun huta da shuka iri a ƙasa ya ƙone.

Haka awo yake, ba ya duba fuskar kowa. Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta sami kyautar Nobel a 2015, a wani littafin magani na ƙarni na 4 ta sami haske kan yadda za a tatso maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro dangin tazargade, kuma maganin da ake ba ka yau a asibiti daga nan ya samo asali. Awon nan dai shi ne ya nuna wani kwallin da iyayenmu mata ke ranbaɗa wa jarirai cike yake da dalma, gubar da muka ga aikinta a kan yaran Zamfara a 2010, ko da yake su ta hanyar haƙar zinariya ta same su. Tsohuwar zuma da ita ake magani, na yarda, amma a ɗanɗana tukuna a tabbatar zumar ce.

Akwai kuma wata cuta da ta fi damuna fiye da duk waɗannan, domin tana zuwa ne da rigar son addini. Ita ce ta "NASA ta tabbatar", wato hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Kullum sai an turo maka a WhatsApp: masana a Amurka sun gano kaza, Bature ya musulunta saboda kaza. Tun muna yara ake ce mana Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata, alhali mutumin ya musanta tun yana raye. Na taɓa gaya wa wani kawuna haka, ya dube ni ya ce, "Kai dai boko ya ɓata ka." Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri, amma in imanina sai Bature ya sa masa hannu zai tsaya, ranar da Baturen ya janye hannunsa fa?" Kimiyya tana gyara maganarta kullum, aikinta ke nan. Wanda ya ɗaure ayar Alƙur'ani a jikin binciken bana ya shirya jin kunya baɗi. Kakana bai taɓa neman wani ya tabbatar masa da Ubangijinsa ba. Yana tashi tsakar dare ya yi abin da zai yi, da safe ya ƙirga taurarinsa, kuma bai taɓa rikita wanne ne wanne ba.

Masu zane ma sun fi mu wayo a nan. Dürer, Bajamushe, ya saka hatimin huɗu-huɗu mai jimlar 34 a wani zanensa, har ya dabarta 15 da 14 suka zauna kusa da juna a layin ƙasa, shekarar da ya yi aikin ke nan, 1514. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo ne a Omdurman, daga siffar harafin Larabci da zayyanar allo ya gina salonsa, har gidan zane na Tate a Landan ya yi bajekolin aikinsa a 2013. Mu kuwa allon zayyana sai ranar sauka, a ɗauki hoto, a jefa shi bayan sif. Ka tsaya ka dubi zayyana mai kyau sau ɗaya, ka ga yadda aka raba fili, aka juya siffa ta koma kanta ta ɓangare huɗu. Abin da nake fama in koya wa yara da kamfas da rula ke nan, gardi ya yi shi da kara da zare.

Takardun kakana suna wurin goggona a cikin akwatin ƙarfe, a gafaka biyu. Wasu in ka ɗaga su a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada. Gara ta riga ta cinye gefen guda. Wani ɗan uwanmu ya ce a ƙone su a huta, wani ya ce a ba shi, kuma na san kasuwa zai buɗe da su. Goggo ta hana duka biyun, ta ce sai wanda zai karanta. Na fara ɗaukar hotonsu da waya shafi-shafi, kuma a ciki na tarar da muhammasi guda, wato hatimin biyar-biyar, da aka yi kuskure a layi na huɗu, ya ba da 64 maimakon 65, wani ya zo daga baya da jar tawada ya gyara a gefe.

Shugaban makaranta dai na zana masa gida taran a bayan wata takarda, na yi masa lissafin 60 da 45. Ya yi shiru, ya ce in ci gaba, amma in daina kiransa hatimi a aji. Na ce to, ranka ya daɗe, ko da yake ban san wane suna zan ba shi ba. Ranar Litinin yarinyar nan da ta rufe littafi ta tsaya bayan an tashi, ta miƙo min takarda a ninke. Bakwai-bakwai ta gina, gida 49, ta ce kwana biyu ta yi a kai, kuma kowane layi 175 yake ba ta in ban da kusurwa ɗaya da ta ƙi. Takardar tana aljihuna, ban gano inda ta kauce ba tukuna.