Labarin aljanu a cikin birni ba lallai na yara ba ne

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu karatu a Bauchi, wadda take damuna: wai duk littafin da aka ambaci aljanu ko matsafa a cikinsa tatsuniya ce ta yara. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, domin mun tashi muna jin irin waɗannan halittu a bakin kakanni da daddare.

Sai dai ƙagaggun labaran almara na birni, waɗanda suka bunƙasa a Amurka da Ingila tun shekarun 1980, yawancinsu manya aka rubuta wa. Abin da ya bambanta su shi ne, marubucin yakan ɗauko birni na zamani, da motocinsa da 'yan sandansa da matsalar kuɗin haya, sannan ya ɓoye wata duniyar a ƙarƙashinsa. A jerin littattafan Jim Butcher da suka fara fitowa a 2000, jarumin matsafi ne mai binciken laifuka a Chicago, kuma ana kisan kai a ciki.

A misalta labarin mai Keke Napep da ya ɗauki fasinja a kasuwar Wunti, daga baya ya gane ba ɗan Adam ba ne. Idan labarin ya ci gaba da maganar bashi, da cin amana, da tsoron da talaka yake yi wa masu iko, to ya wuce hankalin ɗan firamare, ko da aljanin yana nan.

Saboda haka, duk wanda zai ba da shawarar irin wannan littafi, ya kamata ya faɗi shekarun da ya dace da su kafin uba ya saya wa ɗansa.