Fim a kan mai zanen shaguɓe ba katun ɗin yara ba ne

Mutane da yawa da sun ji an ce an yi fim a kan mai zanen barkwanci sai su ɗauka ai katun ne, ko dai fim ɗin ban dariya da za a kunna wa yara su yi shiru. Wallahi ba haka abin yake ba. Mai irin wannan zane ɗan jarida ne fa, kawai dai shi da hoto ɗaya yake caccakar masu mulki a inda wani zai cika shafi da rubutu, shi ya sa rayuwarsu in aka maida ta fim ba kasafai ake samun abin dariya a ciki ba.

Dubi Naji al-Ali, Bafalasɗinen nan da ya ƙirƙiri Handala a zanensa, yaro ɗan shekara 10 mara takalmi da kullum ya juya wa mai kallo baya, hannuwa a goye. Harbe Naji aka yi a Landan a Yulin 1987, ya rasu a Agusta, daga baya Misirawa suka yi fim ɗin rayuwarsa, Nour El-Sherif ne ya fito a matsayinsa, kuma abin da za ka gani a ciki gudun hijira ne da yaƙin Labanan da zaman sansani, ina abin dariya a nan?

Kuma gallaza wa masu irin wannan zane ya daɗe. Tun 1832 Faransa ta ɗaure mai zane Daumier wata 6 don ya zana sarki Louis-Philippe da ƙaton tumbi yana haɗiye dukiyar talakawa. Mai zane Ali Ferzat na Siriya kuwa hannuwansa aka karairaya a 2011.