Yadda agoguna biyu suka haɗa ni da ladan

Ni dai ba na shan taba, ba na bin ƙwallo, agogon hannu ne ciwona. Duk wata sai na zaga Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna ina tonon gwanjo. Abin alfaharina Seiko 5 ne, irin wanda aka fara yi tun 1963, ba ruwansa da batir, motsin hannu ke ba shi wani. Akwai Orient mai irin halinsa. Sai wani Casio F-91W na roba, samfurin 1989, wanda ba na ɗaurawa sai zan wanke mota.

Da Babbar Sallah ta matso, uwargida ta ce wuƙaƙen layya sun ishe ta a kicin, yara na kai hannu. Na je Panteka, kafinta ya faɗi kuɗin akwati, na ce Allah ya ba da kasuwa. Falanki na saya da ƙusa da gam, na aro zarto. Akwatin ya ɗan karkace, murfin kuma sai an danna da gwiwa, amma ai katako ne, zai zauna. Dabarar da na fi ji da ita, na ɓalle maganaɗisun wata tsohuwar sifika na manna a ciki, wuƙar yanka da ta fiɗa suka lafe, ko motsi. Da na ga fili ya rage a sama, na shimfiɗa ƙyallen karan-miski na jera agogunana.

Ba a jima ba na lura ladanmu ya fara makara. Kullum jinkirin ƙaruwa yake. Wata asuba na duba Seiko, lokaci ya wuce, shiru. Na duba Orient, shi ma haka ya ce. Casio kaɗai ya musa, to amma shaidu biyu ne a kan ɗaya, ɗayan ma na roba. Waya kuwa, mai agogo uku ba ya tambayarta lokaci.

Na zura jallabiya na je na buga wa bawan Allah ƙofa. Ya fito da buta a hannu.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

"Lafiya lau, Baba. Lokaci ne ke ƙurewa."

Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce tunda na fito, in taya shi share masallaci. Na share har da harabar alwala.

Da na kai Seikon wurin mai gyaran agogo, bai ko buɗe shi ba. Kamfas ya ɗauko ya kara, allurar ta juya.

"Alhaji, kusa da me kake ajiye shi?"

Ya ce akwai wata siririyar waya kamar gashi a naɗe a ciki, ita ke riƙe da bugun agogo. In maganaɗisu ya kama ta sai ta manne da juna, ta gajarce, agogo ya kama gudu. Casio ba shi da ita, shi ya sa ko a jikinsa. Gyaran na ɗan lokaci ne, akwai na'urarsa, sai dai da lantarki take aiki, kuma tun jiya babu wuta a layin.

Na koma gida na tarar uwargida na tsintar alluran ɗinki da wuƙar fiɗa, tana ta yabon akwatin. Baba ladan kuwa, ko a wajen ɗaurin aure muka haɗu sai ya ɗaga murya: "Malam, ƙarfe nawa a wajenku?"