Hayar shekara ba ita ce riƙon gida ba

Watan jiya ƙanina ya kira ni daga Gombe, murya cike da fara'a: "Yaya, na samu ciki da falo a Tumfure, na biya kuɗin shekara har da la'adar dillali." Na taya shi murna, sannan na tambaye shi nawa gidanmu ke kashewa a kan ruwa a wata. Shiru. To nawa ne mudun shinkafa yanzu? Sai ya yi dariya, wai ai wannan lissafin Hajiya ne.

Ban ga laifinsa ba, ni ma haka na taso. Saurayi a gidajenmu yana ɗakin soro, kwanonsa na iske shi safe da rana da dare, ƙanne na masa wanki. Abin da yake samu na data ne da man babur da ɗinkin sallah. Yawanci aure ne ke fitar da shi, kuma duk abin da ya tara lefe da sadaki da haya sun lashe. Iyayen amarya su yi kayan ɗaki, a kawo gara, shinkafa da mai da taliya har ba wurin ajiyewa, sai ango ya zaci haka za a dawwama. Ranar da cokali ya taɓa gindin buhu, ranar ake fara sanin maigida.

A nan Manchesta inda nake zaune, haya wata-wata ake biya. Kafin a miƙa maka makulli akwai kuɗin ajiya, wanda dokar Ingila ta 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar a galibin gidaje. Sai harajin ƙaramar hukuma, wuta, gas, ruwa, har lasisin kallon talabijin, kowanne da ranar da banki zai zare shi ko kana barci. Wasu iyayen ma karɓar wani abu suke yi duk wata daga ɗansu mai aiki da ke zaune a gida. Da na fara jin haka na ce wannan ai rashin tausayi ne. Yanzu na sassauto, domin yaron da ya saba da wannan ba ya fita da ido rufe.

Ba wai nasu ya fi namu ba ne. A nan idan ka faɗi, babu mai aiko maka da tuwo. A Gombe kuwa ko aljihu ya bushe, ka hau babur zuwa gida da magariba, ba wanda zai tambaye ka dalili. Ni'ima ce babba, sai dai ita ce kuma ke sa mu sakaci da lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne hayar shekara. Ka biya sau ɗaya, ka manta wata goma sha ɗaya, sai mai gida ya aiko, sau da yawa har da ƙari. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, ga mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun 2024. Wanda bai raba hayarsa gida 12 ya riƙa zubawa a adashe tun watan farko ba, rance zai ci ko ya sayar da babur. Ga 'yan ga-ruwa idan famfo bai kai unguwar ba, ga katin wuta, ga gudummawar biki da suna da ba ta yankewa.

Shi ya sa na roƙi Hajiya ta damƙa masa kuɗin cefanen gida na wata guda kafin ya kwashe kayansa, kuma kada ta ƙara masa ko sisi. Ta ce to, amma idan miya ta fito lami ni za ta kira. Ran kwana goma sha ɗaya ya turo mini saƙo: "Yaya, wai dama gawayin nan kullum ake saye?"