Gidiyon Ya Yi da Ulu, Ni Na Yi da Tawul

Mu masu bi muna da wata magana da ke fitar da mutum daga kowane tarko ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba: "Bari in yi addu'a a kai." Babu faston da zai ce maka kada ka yi addu'a. Ita na miƙa wa Baba Fasto ranar da ya tare ni a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ya ce malamin ajin ƙananan yara na makarantar Lahadi ya sami canjin wurin aiki, dattawa kuma sun zauna sun ga ni na dace.

Ajin nan na san shi. Na taɓa wucewa ta bakin ƙofarsa na tarar da wani yaro ya tuɓe takalmi yana nuna wa 'yan'uwansa yadda Dauda ya yi da Goliyat, malamin kuma yana sunkuye bayan allo. Ni kuwa mutum ne mai son bencin baya, kusa da taga, inda iska ke shigowa kuma ba a ganin wanda ya lumshe ido lokacin wa'azi. Na yi wa Baba Fasto murmushi irin na tsarkaka, na ce zan nemi nufin Ubangiji. Ya ce, "Madalla, ɗan'uwa. Nemi shi da kyau, ba ya ɓuya."

A gida na buɗe Littafin Mahukunta sura 6, domin na tuna akwai wanda ya riga ni shiga wannan hali. Gidiyon, da yake neman alamar cewa Allah zai ceci Isra'ila daga Madayanawa ta hannunsa, ya shimfiɗa ulun tunkiya a masussuka, ya roƙi Allah raɓa ta sauka a kan ulun kaɗai, ƙasa ta kwana a bushe. Da safe ya matse ulun ya cika kwano da ruwa. Na ce to, ga hanya a rubuce. Tunkiya dai ba ni da ita, amma akwai wani babban tawul na uwargida, mai kauri, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Da dare ya raba na leƙa waje na tabbatar sama fes take, ko ɗigon gajimare babu, sannan na shimfiɗa tawul ɗin a tsakar gida na yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa: in na same shi a jiƙe, ƙasa kuma a bushe, na karɓi ajin. Na kwanta ina jin kaina mai bangaskiya ƙwarai, domin na san yadda sakamakon zai fito.

Gari na wayewa na fito. Ƙasa a bushe ƙamas. Tawul kuwa ga shi a kan igiyar shanya, sharkaf, yana ɗiga. Sai da gwiwoyina suka yi sanyi.

"Wane ne ya yar mini da tawul a ƙasa ya kwana cikin ƙura?" in ji uwargida daga bayana. "Tun da asuba na wanke shi."

Na sauke ajiyar zuciya, na yi mata bayanin abin da ake ciki, na kuma sanar da ita cewa wannan gwaji bai karɓu ba, tunda hannun mutum ya shiga. Ta dube ni ta ce, "Baban yara, dā can da ƙafar mutum Ubangiji yake aiki?" Ban amsa ba. Mai neman nufin Allah ba ya tsayawa gardama da mai wanki.

Abin da ya ba ni ƙarfi shi ne Gidiyon ma bai tsaya a kan na farko ba. Ya koma ya ce Allah kada ya yi fushi, a juya abin: ulu ya bushe, ƙasa ta jiƙe. Da na zauna na yi lissafi sai na ga wannan ya fi dacewa da ni nesa ba kusa ba. In an yi ruwa, tawul da ƙasa duk za su jiƙe. In ba a yi ba, duk za su bushe. Ko ta ina aka bi, bencin baya nawa ne. Na jira uwargida ta yi barci, na sake sace tawul ɗin, na ɗora shi wannan karon a kan igiya tare da sauran shanya domin kada a sake wanke mini amsa.

Can cikin dare, ina tsakanin barci da farke, na ji murya a hankali: "Tashi."

Na yi lamo. Duk wanda ya girma a ikkilisiya ya san 1 Sama'ila sura 3, yadda aka yi ta kiran yaron nan Sama'ila cikin dare yana gudu wurin firist Eli, har tsohon ya gane ya koya masa amsar da zai bayar. Muryar ta sake cewa, "Tashi mana." Tsigar jikina ta tashi. Na zamo daga gado na durƙusa, idona a rufe, na ce, "Yi magana, ya Ubangiji, bawanka yana ji."

"To bawan ya je ya kwashe shanya, hadari ya haɗo."

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na zabura na fita ba takalmi, iska tana kaɗawa, walƙiya tana haskawa, na rungumo duk abin da ke kan igiya na shigo da gudu na jibge a kan kujera. Ina rufe ƙofa ruwa ya kece. Na koma na kwanta ina yabon kaina da zafin nama. Sai da safe, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon tsakar gida ta zama taɓo, idona ya faɗa kan kujera. Tawul na nan a saman tulin kaya, a bushe rau. Ƙasa a jiƙe, tawul a bushe, kuma hannun mutumin da ya shiga wannan karon nawa ne. Uwargida ta bi idona da kallo, ta ga abin da na gani, ta shige ɗaki tana rera waƙar yabo. Ko kalma ba ta ce ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce alamun yanayi suna da ruɗani, gara a koma ga Maganar kanta. Na ɗauki Littafi Mai Tsarki, na rufe ido, na buɗe inda ya buɗu, na dangwala yatsa. Ina da hujja, kada ku yi mini dariya tukuna. A shekara ta 386, a wani lambu a Milan, Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin ikkilisiya, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya buɗe wasiƙun Bulus idonsa ya sauka a Romawa 13:13-14, daga nan rayuwarsa ta juya. John Wesley kuma, jagoran ɗarikar Methodist, a 1737, yana Jojiya ta Amurka, da maganar aure ta rikita shi kuri'a ya jefa, takardar da ta fito ta ce ya bar zancen. In manya sun yi, ni wane ne?

Yatsana ya sauka a farkon 1 Tarihi, inda surori tara suke jere da wane ya haifi wane. Na karanta sunaye har harshena ya harɗe, ban ga nawa ba. Na sake rufe ido. Wannan karon Littafin Firistoci 13:40 ne, ayar da ke cewa mutumin da gashin kansa ya zube mai sanƙo ne, amma tsarkakakke ne. Na shafa kaina. Gaskiya ce tsantsa, kuma na ji daɗin tabbacin, sai dai ba ita na tambaya ba. Amma ina shafa kan sai wani tunani ya faɗo mini. Sanƙo da yara! Ai a 2 Sarakuna sura 2 yara ne suka bi Elisha suna yi masa ba'ar sanƙo a hanyar Betel, beyar biyu suka fito daga kurmi suka yayyage 42 daga cikinsu. Ashe gargaɗi ake yi mini. Saboda lafiyar yaran nan, bai kamata a haɗa su aji ɗaya da mai irin kaina ba. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Da wannan na je wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, tsoho mai ƙarancin magana wanda ya shekara yana koyar da masu shirin baftisma. Na zayyana masa komai, ban da zancen tawul. Na rufe da babbar hujjata: tun da na yanke shawarar ƙin aikin nake da salama a zuciya, ina barci kamar jariri.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ɗana, lokacin da hadari ya taso wa jirgin nan, ina Yunusa yake?"

Na ce yana can ƙasan jirgi.

"Yana me?"

Na yi shiru, domin na san amsar. Barci yake sharɓa, har sai da shugaban jirgin ya zo ya tashe shi. Tsohon ya ƙara da cewa ranar da Yunusa ya gangara Yafa ya tarar da jirgin Tarshish a shirye, da wurin zama, da kuɗin biya a hannunsa. In buɗaɗɗiyar ƙofa da barci mai daɗi su ne shaida, to Yunusa ya fi kowa bin nufin Allah. Na kawo masa Agustin. Ya ce Agustin ya buɗe littafi ne ya tarar da ayar da ta hana shi abin da yake so, ya kuma yi biyayya, ni kuwa ina ta buɗewa har sai na sami wadda za ta bar ni a kan benci. Ya ce wannan sana'a ta dangwala yatsa tsohuwa ce, har taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Agde, cikin Faransa ta yau, a 506 ya hana ta, domin sun ga duba ce aka sa wa rigar ibada. Lambobin ayoyin ma da nake wasa da su, na Sabon Alkawari sai a 1551 wani mai ɗab'i, Robert Estienne, ya sa su domin sauƙin nema, ba domin a riƙa tsinkar aya ɗaya a gudu da ita ba.

Sannan ya yi mini tambayoyin da babu raɓa ko tsawa a cikinsu. Aikin ya saɓa wa Maganar Allah? A'a. Waɗanda suka san ni sun ga zan iya? Sun ce haka. Matata fa? Na ce tana rera waƙa. Akwai abin da zai hana ni, ban da son jiki? Na duba ko'ina a raina ban samu ba. Ya mayar da tabaransa ya ce, "To me kake so a aiko maka, mala'ika?"

Abin da na ga ya fi ba ni mamaki da na koma na karanta labarin Gidiyon daga farko shi ne mala'ikan ma an aiko masa. Tun kafin zancen ulu an riga an faɗa masa abin da zai yi, wuta ta fito daga dutse ta cinye hadayarsa a gaban idonsa. Ulun nan tsoro ne kawai, kuma Allah ya haƙura da shi dare biyu. Har bayan an rage rundunarsa daga 32,000 zuwa 300, Allah da kansa ya ce masa in har yanzu yana jin tsoro ya lallaɓa sansanin Madayanawa ya ji abin da suke faɗi. Duk da haka sunansa yana cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ko mun kasa aminci, shi yana nan da amincinsa, domin ba zai iya musun kansa ba. Dā ina ɗaukar ayar nan ta manyan masu zunubi ce. Ashe ta isa har kan ɓarawon tawul.

Na karɓi ajin. Ba zan ce muku na zama gwani ba. Daren Asabar yakan same ni ina kallon littafin darasi kaina fayau, amma ban taɓa tsayawa gaban yaran nan na rasa abin faɗi ba, ko da rabinsa daga tambayoyinsu yake fitowa. Sanƙon ma sun yi masa ba'a tun makon farko, beyar kuwa ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Matsalar ta zo ne ranar da littafin darasi ya kawo mu kan Gidiyon. Ina cikin bayani da natsuwa irin ta wanda ya san abin a jikinsa, wata yarinya ta tambaya me ya sa Gidiyon ya sake tambaya bayan Allah ya riga ya faɗa masa. Kafin in buɗe baki, 'yata ta cikina, wadda nake zaton tana barci a dararen nan, ta ɗaga hannu ta ce, "Babana ma ya yi, da tawul ɗin Mama." Ta ba da labarin kaf, har da durƙuson. Wani yaro ya faɗo daga benci don dariya.

Lahadin da ta biyo baya, ina share allo, wata uwa ta shigo tana jan ɗanta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani abu da ya kumbura ya yi laushi. Littafin lissafi ne. Yaron ya kwanar da shi a waje cikin ruwan sama, wai yana so ya san ko nufin Ubangiji ne ya yi aikin gida.

"Malam," in ji ta, "ya ce a wurinka ya koya."

Na dubi yaron. Ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Ya jiƙe, Malam. Kuma babu hannun mutum."