Ƙannena, Ku Daina Cinikin Biri A Sama

Shekaranjiya bayan La'asar wani yaro a unguwarmu ya zo ya tsuguna a gabana, baƙar leda a hannu, idanunsa jawur. Ya sayar da adaidaita sahunsa biyu, ya karɓi sarƙar matarsa, ya ciyo bashi, ya sayi gidan haya mai ɗaki shida a bayan gari. Ko wata huɗu ba a yi ba sai ga sammaci. Ashe gidan gado ne, ɗaya daga cikin magada ya sayar bai shawarci kowa ba. Na ce ina takardu? Ya zaro falle ɗaya, rubutun biro, ta yi laushi saboda gumi. Na ce wa ka tambaya kafin ka biya? Ya ce wallahi Yaya, dillalin ya rantse mini.

Dillali! Mutumin da la'adarsa ke jiran cinikin ya faɗa, shi ne shaidarka?

Ba na hana kowa sa kuɗi a gidan haya. Dukiya ce mai rufin asiri, ta riƙe marayu da yawa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne rashin tambaya. Za ku sayi waya, sai kun juya ta sau goma, kun gwada caji, kun kira aboki ya duba. Amma gidan miliyoyi, da an ce "akwai wani Alhaji zai biya gobe", sai jiki ya hau rawa, a tura kuɗi cikin dare. Sauri ya haifi nawa. Kuma duk gidan da aka karyar da farashinsa haka kawai, ku sani banza ba ta kai zomo kasuwa.

Nawa ne a cikinku suka san cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha, abin da ake ba mutum izinin zama ne, yawanci na shekara 99? Nawa ne suka taɓa taka ƙafa hukumar ajiye bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, su ce a duba musu sunan da ke kan fili? Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 a gaban idonku aka yi shi, shagunan Filin Idi suka koma ɓaraguzai, amma gani ga wane bai ishe ku ba. Wani ma da rani yake saye, bai tambayi maƙwabci ko ɗaya yadda layin ke zama a watan Agusta ba. Damina ta faɗi, 'yan haya su kwashe kayansu a ka.

Kuma duk wannan gaggawar ta mece ce? Don a ce wane ya zama mai gidan haya. Cutar nan ce dai ta a-gani-a-faɗa, wadda ke sa ku cacar ƙwallo da ɗinkin da ya fi ƙarfin aljihu. Wanda kuwa ya yi dace gidan ya tabbata nasa, sai ya huce a kan talaka: ƙarin kuɗi kowace shekara, masai ya cika ba yashewa, kwano na yoyo ba gyara.

Don Allah ku riƙa tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata.

Iyayenmu ba su san kwamfuta ba, amma mahaifina sai da ya yi wata guda yana zarya kafin ya sayi gidan da muka tashi a ciki. Ya je wurin liman, ya je wurin mai unguwa, ya zauna da dattawan layin, aka tara magada kaf har da matan aure aka ji ta bakinsu. A lokacin mutum kan ji kunyar sayar da abin da ba nasa ba. Yau a dafa Alƙur'ani a yi ƙarya, a wuce a ci tuwo.

Yaron nan an sa musu ranar zama a kotu wata mai zuwa. 'Yan haya sun daina biya, kowa ya ce bai san waye maigidan ba. Mai bashi kuwa tun jiya yake sallama a ƙofarsa.