Ƙannena ɗaliban jami'a, mu yi maganar barkwancin nan namu

Ƙannena, musamman ku na kimiyya da injiniyanci da kwamfuta, ku ba ni aron kunnuwanku. Ina ganin abin da ke yawo a wayoyinku: hoton ɗalibin da ya kwana a ɗakin gwaji, na malamin da ya dawo da babi na ɗaya karo na biyar, da rahar masu rubuta manhaja wadda sai wanda ya taɓa Python, wani yaren rubuta manhaja, zai gane ta. Ba na ƙin raha. Masana sun daɗe suna yin ta, sai dai ina so ku san daga inda tasu take fitowa.

A 1997 wani masanin fiziks, Andre Geim, a Jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan, ya sa kwaɗo mai rai cikin wani maganaɗisu mai ƙarfin tesla 16 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Kwaɗo ya tashi yana lilo a iska, kuma aka fito da shi lafiya lau. Duniya ta yi dariya, har a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1991 don binciken da zai ba ka dariya kafin ya sa ka tunani. To me ya ɗaga kwaɗon? Ruwan jikinsa ne. Ruwa yana ɗan ture maganaɗisu, turewar da ba wanda ke lura da ita sai ƙarfin ya kai matuƙa. Wanda bai san wannan ba, ko mafarkin wasan ba zai yi ba. Kuma Geim bai daina irin waɗannan gwaje-gwaje na wasa da yake yi da yammacin Juma'a ba. A 2004, a Manchesta, shi da Konstantin Novoselov suka riƙa liƙa salatif a kan irin baƙin da ke cikin fensir suna ɓanɓarewa, har suka samu shimfiɗa mai kaurin atom (ƙwayar zarra) ɗaya tak, wato girafin. A 2010 suka karɓi Nobel ta gaske.

Haka ma mutanen kwamfuta. Ranar 1 ga Afrilun 1990 David Waitzman ya fitar da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1149 kan yadda za a aika saƙon intanet ta hanyar tsuntsaye. Wasa ne, amma ya rubuta shi da tsarin takardun injiniyoyi tiryan-tiryan. A 2001 wasu masu amfani da manhajar kwamfuta ta Linux a Bergen ta ƙasar Norway suka gwada da tantabaru: saƙo 9 suka tura, amsar 4 ta dawo.

Yanzu ku duba namu. Mutum ya rubuta cewa gobe jarrabawa kuma bai buɗe littafi ba, a yi ta turo masa fuskokin dariya. Wallahi abin nan yana damuna. Lalaci ya zama ado, har wanda ya yi karatu ya koma ɓoyewa don kar a ce ya cika iyayi. Na ga ɗalibin da ya haddace duk wata raha kan wahalar rubuta kundi, alhali wata uku bai je wurin malaminsa da ko shafi guda ba. Yana dariya, zangon karatu yana tafiya, mahaifinsa kuma ya sayar da hatsi ne ya biya kuɗin rajista. Waccan dariyar tana rage masa raɗaɗi na minti biyu, shi ya sa yake komawa gare ta, amma babi na biyu yana nan inda ya bar shi.

Akwai kuma masu mayar da raha katanga. Ɗan aji ɗaya ya tambayi ma'anar wani barkwanci, sai a yi masa ca. Yarinya ta shigo ajin kwamfuta, sai a mayar da ita abin zolaya har ta daina ɗaga hannu. Ko wasan Bakano da Bazazzagi ai su biyun ne ke dariya, ba ɗaya ya tafi gida da ɓacin rai ba. Idan ƙaninka ya ce bai gane ba, ɗan'uwa, ka ja kujera, ka ɗauko takarda da biro, ka zana masa abin tun daga tushe har ya yi dariyar da kansa.